Shekarar da Na Riƙe Taɓarya

Sa'a da Lawali, wannan babin naku ne ku biyu. Sauran abin da na rubuta, na ƙuruciyata da yadda na gaji garkar mahaifina a Jiratawa, kowa na iya karantawa, amma wannan don ku na zauna masa. Lawali, ranar da ka tare ni a zaure ka ce, "Baba, gaskiya ne da Inna ta kwanta ciwo kai ka maida ta gidansu?" ban ba ka amsa ba, kai kuma ka ɗauki shirun a matsayin amsa. Ni mutum ne mai nauyin baki tun asali, magana kan zo mini bayan mai tambaya ya tafi. Shi ya sa da aka buɗe karatun manya a unguwarmu na je na zauna kan benci da furfurata, ina jan baƙaƙe a hankali kamar mai gyaran fangalin albasa, har hannuna ya saba. Ke kuma Sa'a, kin taɓa ba ni labarin wani mafarki da ke yawan dawo miki: inuwar itacen bedi, wani namiji yana daka, wata mace ta jingina da bango tana waƙa. Kika yi dariya kika ce ina aka taɓa ganin namiji da taɓarya in ba a mafarki ba. Ni ma na yi dariya rannan. Ku biyo ni sannu, ba na iya sauri.

A shekarun nan ƙasarmu ta samu baki. Tun da aka yi babban taron ƙasa kowa ya iya magana. Jam'iyyu suka tsiro kamar ciyawar farkon damina, motoci masu amsa-kuwwa suna yawo cikin Maradi daga hantsi har la'asar, kowane teburin mai shayi ya koma majalisa. Ana nan aka karya darajar kuɗinmu na sefa, magani da shinkafa suka yi tashin da ba mu taɓa gani ba, ma'aikata yau suna aiki gobe suna yajin aiki. Mu muna zaune a wani ɗan gida a Sabon Gari, ni da uwarku Rabi da ku. Ke Sa'a ba ki isa shiga lakwal ki fara boko ba, kai Lawali ba a daɗe da yaye ka ba. Kullum da safe nakan hau kekena in nufi Jiratawa, in dawo rana ta yi ja. To, a cikin wannan shekara da kowa ke magana, bakin gidana ya rufe. Wata safiya uwarku tana bakace a tsakar gida, faifai ya suɓuce mata, ta bi shi da kallo kamar ba nata ba, sannan ta sulale ƙasa. A gidan likita, majo, babban ma'aikacin jinya, ya ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin dama. Muka dawo gida da ita a raye, amma hannu ba ya ɗaguwa, ƙafa ba ta takawa, magana kuwa ta tafi gaba ɗaya. Idonta na nan yadda yake. Takan buɗe baki, ka ga kalmar ta zo har bakin leɓe, sai ta koma kamar kifin da ya leƙo saman ruwa ya nutse.

Kafin ciwon, uwarku tana cikin matan da ake jin dakansu daga bayan katanga. Ba ta daka shiru. Tana ɗaga taɓarya waƙa ke zuwa, wani sa'in ta gargajiya, wani sa'in wadda ta ƙaga nan take. Ni ban taɓa tsayawa na saurara ba. Waƙar daka ba ta maza ba ce, muna jin ta ne yadda muke jin kukan kurciya a kan bedi, a bayan kunne, muna ɗaure kaya a keke.

Yayata, Gwaggonku Delu, ita ta zo daga Jiratawa ta kama mana gida. Kun san ta, ba ta ajiye magana ta kwana. Wata la'asar na fito da uwarku na jingina ta da bango don ta sha iska, Delu kuma ta jawo turmi ta fara surfe. Ina gefe ina gyaran sarƙar keke. Sai na ji wata murya ƙasa-ƙasa tana bin taɓarya. Na zaci daga maƙwabta ne. Delu ta tsaya cak, muryar ma ta tsaya. Muka dubi juna.

"Idi, kai ma ka ji, ko kunnena ne?"

"Ci gaba, Yaya," na ce mata. "Don Allah ci gaba."

Ta sake ɗaga taɓarya. A saukarta ta uku ko ta huɗu bakin uwarku ya buɗe, kalmomi suka fito a jere, a karkace amma a fili:

Mai keke ya tafi da hantsi,
ya bar ni da turmi da rana.
Albasa ta fi ni gata,
ita ake ba ruwa kullum.

Delu tana daka tana kuka tana dariya.

"To ka ji, mai keke! Shekara da shekaru ana yi da kai a gidanka, kai kana can kana lallashin albasa."

Na saki sarƙar keke na zauna a ƙasa. Abu biyu suka same ni tare: na ji muryar matata bayan na fid da rai, kuma na ji a karon farko abin da take faɗa tun tuni. Da na koma wajen majo na ba shi labari, bai yi mamaki ba. Ya ce magana da waƙa ba hanya ɗaya suke bi a cikin kai ba, ta farko na iya yankewa ta biyu ta tsira. Na gane shi sarai, don na sha ganin babbar hanyar ruwa ta toshe a garka, ruwan ya lallaɓa ta wata 'yar ɓarauniyar hanya ya isa ga shuka.

Delu ba za ta dawwama ba, tana da miji da nata gidan. Da lokacin tafiyarta ya yi ta ce za ta tafi da ku, don in ji da abu ɗaya. Ta goya Lawali, ta riƙe hannun Sa'a, gidan ya yi tsit. Na gwada tafi, na gwada kaɗa ƙwarya, har rediyo na kunna mata. Uwarku ta dube ni kawai. Na jawo turmi na buga shi ba komai a ciki, sai ta kau da kai da fushi, don a wurin mata ba a dakan turmi wayam. Matan maƙwabta sukan shigo su taimaka, amma kowace da aikinta, kuma a gabansu uwarku ba ta wuce tsoffin waƙoƙin da kowa ya sani. Wata rana da hantsi na rufe ƙofar gida, na zuba hatsi a turmi, na yayyafa ruwa yadda na ga ana yi, na ɗauki taɓarya. Bugun farko hatsi ya watse har cikin randa. Kaji suka taso daga ko'ina. Sai na ji wani sauti a bayana. Na juya, na ga uwarku tana dariya da rabin bakinta, hawaye na bi mata ta ɓarin da ke da rai. Ta ɗaga hannun hagu ta fara buga tabarma, a hankali, tana nuna mini kiɗan. Haka ta koya mini daka ba tare da ta ce uffan ba. Hannuna da ya saba da hauya ya yi bororo a wuraren da hauya ba ta taɓawa.

Turmi ba ya da sirri. Kwana kaɗan unguwa ta san wanda ke daka a gidan Idi, don dakan namiji nauyi gare shi ba daɗi. A bakin titi akwai Na'allah mai faci, abokin wasana, shi ya fara.

"A'a, ga shugaba! Kowa ya kafa jam'iyya, kai ka kafa ta turmi. Mi ne ne alamarku a takardar zaɓe, taɓarya ko rariya?"

"Bari in ci mulki," na ce, "kai zan ba ministan dusa."

"Zane fa? In za ka kasuwa ka faɗa mini, matata ta san mai arha."

Wasu ba da wasa suke yi ba. Akwai dattijon da ya ja ni gefe bayan sallar Azahar ya ce in ji tsoron zubar da girma. Na yi masa godiya, na koma gida na zuba hatsi. Matan unguwa kuwa su suka fi kowa saurin ganewa. Da garin gidana ya yi yawa har ba mai ci, sai na fara ganin ƙwarya tana leƙowa ta kan katanga.

"Malam Idi, in yau za ku yi hira, ga hatsina nan. A surfa shi da kyau."

Watannin nan, in na tuna su yanzu, kamar a cikin ruwa na yi su. Rana takan ratso ganyen bedi ta zuba a jikin uwarku dabbare-dabbare, ƙurar dusa tana yawo cikin hasken, can nesa motar 'yan siyasa tana wucewa da kiɗanta kamar daga wata duniya. Ni ina sama ina ƙasa da taɓarya har in manta hannuna ne. Da farko tsoffin waƙoƙinta kawai ke zuwa. Daga baya sababbin kalmomi suka fara shigowa ɗaya-ɗaya, su zauna a gurbin tsofaffi. A cikin waƙar mai keke ta ce mini ƙafarta na sanyi. A ciki ta ce kunun jiya gishiri ya yi masa yawa. Na koyi jefa tambaya tsakanin bugu da bugu, ita kuma ta amsa a kan kiɗa, wani lokaci sai mun zagayo baitin sau da yawa kafin kalmar ta samu wurin zama. Ta waƙe gulbin Maradi yadda ta san shi tana yarinya, ya cika ya kawo itace da kifi har gindin gonaki. Ta waƙe hannunta na dama, ta ce baƙo ne da ya kwana a jikinta ya ƙi tafiya, ba ya gaisuwa ba ya cin abinci. Ni da ban taɓa zama na yi tunanin komai ba sai ruwa da taki, na samu kaina ina tunanin mene ne mutum, in an ɗauke masa hannu da ƙafa da harshe amma ga shi nan cif yana yi maka ba'a. A shekarun aurenmu duka ban yi hira da uwarku kamar ta watannin nan ba. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne lokacin ban iya rubutu ba. Waƙoƙin suna fita su bi iska tare da dusa. 'Yan baitocin da ke cikin wannan babin su ne suka maƙale mini.

Amma daka ba shi kaɗai ne jinya ba. Ni ke ɗaga ta, ni ke kai ta bayan gida, ni ke yi mata wanka in sauya mata zane. A duk lokacin nan takan rufe ido gam, ba ta buɗewa sai na gama. Garka kuma tana can. A Jiratawa ruwa bi da bi ne, in ranarka ta wuce sai ta sake zagayowa. Mijin Delu ya yi iya ƙoƙarinsa, amma yana da tasa garkar. Albasata ta fara kwanciya tun ba ta yi kai ba.

A al'adarmu, in ciwon mace ya yi tsawo danginta suna da ikon su ɗauke ta su yi jinyarta a gida. Kawunku Haruna, yayan uwarku, ya zo daga Tibiri da wannan magana, na ba shi haƙuri ya koma. Da ya sake zuwa, da mota ya zo, 'yar ƙarama mai buɗaɗɗen baya, an shimfiɗa katifa a ciki. Ya zauna a tsakar gida, ya gaida ƙanwarsa, ta bi shi da ido.

"Malam Idi, ba raina maka muka yi ba. Ka yi abin da ba kowane namiji zai yi ba. Amma Iya ta ce a kawo mata ɗiyarta. Tsohuwa ce, ba ta barci."

"Yaya Haruna, ni ban gaji ba."

"Ba a ce ka gaji ba. Garkarka ta mutu, 'ya'yanka na hannun wasu, kai kana nan kana abin da gari ke dariya. Wanga ba zama ba ne."

"To a tambaye ta."

"A tambayi wa? Rabi da ko sunan Allah ba ta iya kamawa?"

Ya ji labarin dakan, amma ya ɗauka zancen mutane ne. Na tashi na jawo turmi. Ku sani, ɗaukar taɓarya a gaban yayan matarka ya fi ɗaukarta a tsakiyar kasuwa nauyi. Haruna ya sunkuyar da kai don kunya ta kama shi a madadina. Na zuba hatsi, na fara. A raina ba ni da shakka ko kaɗan. Na san abin da za ta ce, na riga na ji shi a kunnena: a bar ni a ɗakina. Na jefa tambayar tsakanin bugu biyu, na ce, "Rabi, nan ko Tibiri?" Ta rufe ido, ta buga tabarma da hannun hagu, ta ɗauko waƙar mai keke.

Mai keke, hannunka ya gaji,
albasa na can tana kiran ka.

Tun daga nan na gane inda waƙar ta dosa. Kuma na gane wani abu da ban taɓa lura da shi ba: bakinta a hannuna yake. In na tsai da taɓarya a nan, ta yi shiru ke nan. Ina iya cewa ba'a ce irin tata ta kullum, Haruna ba zai musa ba, don bai san yadda muke hira ba. Taɓaryar tana sama, na ji ta yi nauyin da ba ta taɓa yi ba. Na dubi uwarku. Ta buɗe ido tana kallon hannuna, ba fuskata ba, tana jira. Na sauke ta cikin turmi. Na sake ɗagawa.

Kai ni gida wurin Iya,
ita ta san bayana tun ina tsumma.
Wanda ya gan ni da lalle da ado,
kar ya riƙa wanke ni kamar jinjira.
Ba fushi ba ne, mai keke,
kunya ce, ta fi ciwon ciwo.

Na ci gaba da daka ko za ta sauya, ta sake maimaitawa daga farko ba ta rage ko kalma ba. Hatsin ya wuce surfe ya zama gari ina bugu. Haruna ne ya taso ya riƙe taɓaryar ta sama, fuskarsa sharkaf da hawaye.

"Ya isa, Idi. Mun ji ta."

Ni na ɗauke ta da hannuna na sa ta a motar. Abin da unguwa ta gani ke nan, kuma shi ta riƙe: Idi ya gaji, ya loda matarsa an tafi da ita. Ni da Haruna ba mu taɓa gyara zancen ba. In za mu gyara sai mun faɗi abin da ta waƙe, ita kuwa abin da ta gudu ke nan, a san yadda ake ɗaga ta ana wanke ta. Na zaɓi a zage ni. Yanzu ita da Iya da Haruna duk sun riga mu gidan gaskiya, ku kuma kun girma har kun san mene ne kunya tsakanin miji da mata, shi ya sa na faɗa.

Albasar shekarar ba ta tashi ba, amma na ceto zogale da ɗan abin da ya saura. Kekena ya koyi hanya biyu, Jiratawa ta kudu, Tibiri ta arewa. Duk ranar da ba ni da ruwa a garka nakan nufi Tibiri. Kakarku Iya ba ta taɓa yi mini maganar daka ba, ni ma ban taɓa yi mata ba, akwai surukuta tsakaninmu. Sai dai duk sanda na iso nakan tarar da turmi a gindin bedin gidan, da hatsi a jiƙe cikin ƙwarya, uwarku an yi mata wanka an ɗaura mata kallabi an jingina ta da bango, ita kuma tsohuwar ta shige ɗaki ta saki labule. Na san tana bayan labulen tana ji. Uwarku kuwa a can ta fi sakewa. Takan tarbe ni da ido a buɗe, tsaf da ita kamar amarya, har kwalli Iya ke sa mata.

Gab da damina jikinta ya fara ja baya. Na je Jiratawa na ce wa Delu ta shirya ku. Ita ta hau mota da Lawali a goye, ke kuma Sa'a kika ƙi, kika ce sai keken Baba, na ɗora ki a gaba muka yi tafiyar nan kina ƙirga jakuna. Da muka isa kika tsaya nesa da uwarku, kin ga bakinta a karkace kina jin tsoro. Ke ce 'yar fari, kuma kin san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tun da aka haife ki ba ta taɓa faɗar sunanki ba, "ke yarinya" take ce miki, ko "'yar nan". Na ɗauki taɓarya. Kika zaro ido kina kallona, kin manta da tsoron. Muryarta ta yi ƙasa sosai rannan, sai da na sassauta bugu don a ji ta.

Zo nan kusa, Sa'adatu,
zo in ga ko kin yi tsawo.
Kunya ta bar ni yau kaɗai,
Sa'adatu, Sa'adatu.

Kika tafi a hankali kika zauna a jikinta ta ɓarin hagu, ta dafa kanki. Delu ta kwance Lawali ta ɗora mata a cinya. Ni ban tsaya ba, don na san in na tsaya sunan zai tsaya. Na yi ta daka har inuwar bedi ta bar bango, tana ta kiran ki, har barci ya ɗauke ki a nan. Ruwan farko na shekarar a kan kabarinta ya sauka.

Lawali, amsarka ke nan. Na kai ta gida, ita ta ce in kai ta, kuma da hannuna na buga mata kiɗan da ta faɗa a kai. Sa'a, ke kuma ba mafarki kike yi ba. Bedin na nan a gidan kakarku har yanzu. Namijin ni ne. In matar ta sake zuwa miki, kada ki yi saurin farkawa, ki saurara da kyau. Sunanki take kira.